Kafin Garma Ta Cinye Turba

Washegarin babbar sallar da ta wuce na kira ɗan ƙanena, saurayi ɗan shekara 17, na miƙa masa ƙullin nama na ce ya kai wa Gwaggonsa a ƙauye, tunda ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ɗan rusuna, amma bai motsa ba. Na san irin wannan tsayuwar, kuɗin babur ake jira. Na ce masa ai in ya bi ta cikin gonaki tafiyar ba ta kai awa ɗaya da rabi ba, ga shi rana ba ta yi zafi ba tukuna. Ya kalle ni kamar na ce ya tafi Makka a ƙasa. Na so in gaya masa kakannin kakanninsa a ƙasan suka je, ta Barno da Wadai da Sudan, sai na haɗiye. Can ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, wallahi ba ƙyuya ba ce. Ban san hanyar ba."

A Ɗambatta aka haife shi, a nan aka binne cibiyarsa. Ya je ƙauyen nan ya fi a ƙirga, amma kullum a bayan ɗan acaɓa, a bi kwalta, a zagaya, a sauka kan birji, a dire shi a ƙofar gida. Abin da ke tsakanin garin da ƙauyen ƙafarsa ba ta taɓa taka shi ba. Ya san 'yan ƙwallon Ingila da na Sifen har da masu zaman benci, bai san bishiyar da ake karkata a gindinta in za a je gidan yayar ubansa ba.

Da shi da sa'o'insa nake wannan magana, maza da mata. Kuma kafin wani ya ce tsoho ya fara kukan zamani, bari in wanke kaina: ba ni da faɗa da babur. Na ga ranar da babur ya kai mai naƙuda asibiti a kan lokaci, a tafiyar da a da sai dai a kwantar da ita a amalanke ana salati. Mai uzuri ya hau. Abin da nake cewa shi ne, matashi mai ƙafa lafiya lau wanda bai taɓa takawa daga garinsu zuwa ƙauyen da ke maƙwabtaka da su ba, baƙo ne a ƙasar ubansa, ko da yana riƙe da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma.

Ku fara sanin irin ƙasar da za ku taka. A wasu sassan Arewa in ka bar gari sai ka ratsa daji kafin ka tarar da wani garin. Mu nan arewacin Kano ba mu san wannan ba. Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Ɗambatta zuwa Makoɗa, gona ce ke bin gona, gida na hango gida, carar zakaran wannan unguwa na tashin mutanen waccan. Ba kuma yau abin ya fara ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya taso daga Katsina ya biyo ta Kusada da Bichi a farkon 1851, ya kuma yaba kyan ƙasar da ya ratsa kafin ya shiga birni, da gonakinta da itatuwanta da dabbobinta. Bayan sama da shekara ɗari sai ga wani malamin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya a Jami'ar Bayero. A 1965 shi da abokin aikinsa suka fitar da bincike kan wannan yanki da ke kewaye da Kano, ya kuma ci gaba da bibiyar sa shekaru da yawa. Abin da ya ɗaure wa masanan waje kai shi ne, ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, jama'a na ta ƙaruwa, amma ƙasa ba ta mutu ba, itatuwan gona ba su ƙare ba. Mu bai ɗaure mana kai ba, don mun ga jakunan. Da rani su shiga birni da itace, su fito da mangalar taki, a kora su ta turba, a zube tsibi-tsibi a gona ana jiran ruwan shuka.

Ma'anar wannan ga mai tafiya guda ce: da ka sauke ƙafa daga turba, kan haƙƙin wani ka sauke ta. Kunya da mai ita, ciyawar gefe da mai ita. Ɗorawar da ke tsakiyar gona ma da mai ita, wani lokaci ba shi ne mai gonar ba, don akan raba gado a bar wa wata bishiya, gonar ta tafi hannun wani.

Ita turba ba gwamnati ce ta yi ta ba, ba ɗan kwangilar da ya taɓa cin kuɗinta. Ƙafa ce ta yi ta, masu gonaki suka yi kawaici suka bar ta. Faɗinta bai wuce na mutum ɗaya da kayansa ba, shi ya sa za ka ga mutanen karkara na tafiya a jere, ɗaya bayan ɗaya, suna hira ba sa kallon juna, ko da a kan titin birni ne. 'Yan birni na yi musu dariya, alhali ladabi ne da ya bi jiki. Yara kan yi min ƙorafi wai turba ta cika lanƙwasa, ga ƙauye can ana hangowa ita kuma tana yawo da mutum. To kowace lanƙwasa iyaka ce. Inda ka ga ta karkace ba gaira ba dalili, duba da kyau, za ka ga tushen gamba a jere, ko lalle, ko bini-da-zugu, ko wani dutse da aka binne rabinsa. A nan gonar wane ta ƙare, ta wane ta fara. Inda ka ga gonaki siri-siri kamar an yanka ƙyalle, gandun mutum ɗaya ne da 'ya'ya da jikoki suka raba. Wanda ya iya karanta wannan, kafin ya isa ƙauye ya san gidan da ya yi yawa da gidan da ya ƙare, da wanda ya sayar ya koma birni. Ranar da rigimar iyaka ta tashi a gonarku, mai unguwa da dagaci ba waya za su tambaya ba, masu bin turbar nan za su kira. Ku tambayi kanku, a cikinku wa za a kira nan da shekara talatin?

Ni da tsada na koyi darajar kunya. Ban fi shekara 11 ba aka aike ni wannan ƙauyen, farkon damina, gyaɗa ta fara buɗe ido. Na hango inda turba ta yi baka ta dawo, na ce wane ni da wannan zagaye, na yanke ta tsakiyar gona. Na kusa fita sai na ji an ce, "Yaro, zo." Wani dattijo ne zaune gindin ɗorawa, fartanya a gefensa, duk abin da nake yi yana kallo. Na zo jiki na rawa. Ya ce, "Ɗan gidan wa?" Na faɗa. Ya jinjina kai, ya ambaci sunan kakana har da laƙabinsa. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Cewa ya yi in koma ta inda na biyo, in riƙa sa ƙafa a cikin sawuna, duk kunyar da na rusa in durƙusa in gyara ta da hannu, duk shukar da na kwantar in tayar da ita. Sai da na yi, rana na dukan ƙeyata. Da na zagayo ta turba na sake iso shi, ya miƙo min gorar ruwa ya ce in sha, in kuma gaida mutanen gida. Da magariba na koma gari na tarar labari ya riga ni. Har yau ban san ƙafar da ta kai shi ba.

Tambayar nan ta "ɗan gidan wa" za a yi muku ita, kada ku ji haushi. Ba tuhuma ba ce, neman inda za a ajiye ku ake yi. Amma kafin a kai ga tambaya akwai gaisuwa, kuma a nan ne samarin yanzu ke faɗuwa. Addini ya riga ya tsara abin: na kan abin hawa ke fara yi wa na ƙasa sallama, mai tafiya ya yi wa na zaune, ƙarami ya yi wa babba. Kai ne mai wucewa, kai ke da bashin. Ka hango mutum sunkuye yana noman firi, ko da kunya goma ce tsakaninku, ɗaga murya: "Salamu alaikum, sannunku da aiki!" In damina ce ka ƙara da "Yaya ruwa?" zai ce maka ruwa ya yi gyara, ko da jiya ya rusa masa katanga. In dattijo ne ka tarar a kan turbar, ka rage sauri, ka rusuna, "Baba, barka da hantsi, ina gajiya?" Tsohuwa da itace a ka, "Inna, sannu, kawo in taya ki," ko za ta ƙi, ka dai faɗa. Wanda ya toshe kunne da iyafis ya wuce mutane kamar ya wuce kututture, su ma sun gan shi, sun kuma ajiye. Ran da babur ɗinsa ya mutu a wannan hanya zai gane an ajiye. Haka ɗaga waya a ɗauki hoton mace tana sussuka ko yara a bakin rijiya ba tare da an tambaya ba. Mutane ne a bakin aikinsu, ba kayan kallo ba.

Mai kaya a ka shi ke da hanya, kai ka raɓe. Jaki da mangala ba ya kauce wa kowa, kada ka gwada shi. In turba ta shigar da kai burtali, wato faffaɗar hanyar nan da aka killace da aguwa hagu da dama don shanu su wuce ba su yi ɓarna ba, ka kuma ji ƙarar kofato da muryar makiyayi, nemi gefe ka tsaya cik har su gama wucewa. Kada ka ɗaga hannu, kada ka yi gudu, musamman in akwai saniya mai ɗan maraƙi. Ka gaida mai sandar, "Sannu da kiwo." Ƙayar da ka gani a tsakiyar hanya ka kawar, lada ne. Inuwar da mutane ke hutawa da kan turba ba wurin kama ruwa ba ne, shari'a ta hana, hankali ma ya hana.

Sai hannu. Da kaka ne jarrabawar: ga tumu, ga takanɗa, ga ɗanyar gyaɗa da tuge ɗaya za ta biyo ka, ga rogo, ga kankana kwance ba mai gadi. Ban taɓa ganin manomin ƙasar nan da aka ce masa "Baba, a sam mana tumu" ya hana ba. Sau da yawa ma sai ya ɗora maka abin da ba za ka iya ɗauka ba. Amma zangarniya ɗaya da ka karya ba izini ta mai da kai ɓarawo, kuma sunan gidanku za a kira, ba naka ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi min daɗi, wato abin da ido ke ci. Ku lura da gawo. Duk itatuwa na yin ganye da damina, shi sai ya kakkaɓe nasa ya tsaya tsirara kamar ya bushe. Rani na shiga, kowa ya zubar, shi kuma ya yi kore shar. Saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen da ya zubar taki ne, dabbobin da suka yini a gindinsa da rani suna cin 'ya'yansa sun bar nasu takin. In kun bi turba a watan Agusta ku tsaya ku gwada tsayin geron da ke ƙarƙashin gawo da na nesa da shi, ba sai malamin gona ya yi muku bayani ba. Sarakunan Damagaram na da sun san haka, shi ya sa suka tsananta hukunci kan mai sare shi. Ku lura da ɗorawa, wadda daddawar miyarku daga kalwarta take. Kuka, tsamiya, kanya, ɗinya, kowacce ba da ka ta tsaya a inda take ba, wani ne ya ga tsironta yana huɗa ya kauce mata da garma, shekara da shekaru, har ta fi ƙarfin akuya. Darbejiya kuwa baƙuwa ce, daga Indiya asalinta, zamanin Turawa ta yaɗu a nan, ga shi yau ta fi 'yan gida yawa a bakin hanya.

In kun ga wani fure mai kyau, ja-ja shuɗi-shuɗi, ya cika gindin dawa, kada ku ce gonar ta yi ado. Wuta-wuta ce, tana tsotsar dawa ta saiwa, kuma alama ce ƙasar ta gaji, taki ya yi mata ƙaranci. In kun ga harawa an ɗora a cokalin bishiya, mai ita na da dabbobin da yake ji da su. Yadda gero ya yi ciki, yadda wake ya yaɗu a tsakanin kunyoyi, ko ganyen dawa ya naɗe da tsakar rana, duk labari ne. Mai bin turba a Satumba ya san abin da kwanon hatsi zai yi a kasuwar Dawanau kafin 'yan rediyo su faɗa.

Kowane lokaci da irin tafiyarsa. Da damina ka fita bayan asuba, ka naɗe ƙafar wando don raɓa za ta jiƙa ka har gwiwa. Ka riƙa waiwayen gabas, daga can hadari ke tasowa. In ya haɗo, nemi gida mafi kusa ka yi sallama, ba wanda zai hana ka zaure. Kada ka fake gindin doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili, nan tsawa ke nema. Ƙoramar da ka tsallaka da safe ba ko ɗigon ruwa, da yamma tana iya zuwa da ruwan da aka yi a wani wuri can sama. In ka ga ruwan ja ne yana tafe da kara da kumfa, zauna ka jira, ba a jarumta da shi. Da kaka karangiya ce za ta addabe ka, macizai kuma na yawo, kububuwa da kasa ba sa gudu in sun ji tafiya. Sa takalmi rufaffe, kada ka cusa hannu ƙarƙashin dami ko tarin kara. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurewa tamau. A kwantar da mutum, a hana shi motsi, a nemi abin hawa zuwa asibiti. Nan ne ranar babur. Da bazara kuwa, wanda ya bari rana ta take kafin ya kama hanya, shi ya so. Ruwa a gora, malafa a ka. Kuma zamani ya canza, ban ɓoye muku ba: a faɗa a gida inda za a je, a tambayi lafiyar hanya, 'yan mata su tafi da abokan tafiya, kowa ya yi magariba a cikin mutane.

In kuna son ganin turba da ranta, ku fita ran Lahadi da sassafe, ranar kasuwar Ɗambatta. Ta wajen Ajumawa, ta wajen Fagwalawa, ta wajen Sansan, ƙananan hanyoyi na zubowa cikin manya kamar yadda ƙoramu ke zuba a kogi. Mai jan rago, mai kaji a kwando, Fulani mata da ƙoren nono a kan gammo, yaro da kekensa ya ɗaure buhu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin abin hawa ya yi tashin gwauron zabi, na ga mutanen da suka shekara goma ba su taka ba sun dawo suna takawa. Haka hanyoyin nan suke tun fil azal, su ke ciyar da manyan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 gyaɗa ta zama kuɗi. Dalar gyaɗar da kuke gani a hoto, wadda ake haɗa sunanta da su Alhassan Ɗantata, kowane buhu da ke cikinta ta irin wannan siririyar turba ya fara fita, a ka ko a bayan jaki, kafin ya ga sikeli. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya cinikin, dala ta rushe, turba na nan.

Sai dai ba duka ke nan ba, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Turba ba ta da takarda. Shaidarta guda ce, sawun da ke kanta. In aka yi damina biyu ba a bi ta ba, mai gonar dama ya ƙara kunya ɗaya, na hagu ya ga haka shi ma ya ƙara, a ta uku garmar shanu ta bi ta kai, shi ke nan. Ban ga laifinsu sosai ba, bakuna sun yi yawa, gona ta yi kaɗan. Na san turba uku da na bi ina yaro waɗanda yau dawa ce a kansu. A bakin gari kuma masu yankan fuloti ne, ka zo ka tarar da bulo an ja ta inda ake wucewa. Na burtali ya fi muni, don in turba ta toshe mutum zagayawa zai yi yana tsaki, amma in burtali ya tsuke saniya ba ta san zagaye ba, gona za ta faɗa, daga nan sai sanda, sai gaban dagaci, wani lokaci abin ya wuce nan. Matasan da za su gaji gonakin nan, in ba su taɓa ganin garke ya cika burtali ba, me zai hana su ganin faɗinsa asara ce?

Ran nan dai ban ba ɗan ƙanen nawa kuɗin babur ba. Na sa takalmi na ɗauki sandata muka fita tare, ni a gaba shi a baya da ƙullin nama. Gwiwata ta yi ƙara, ban nuna ba. Gwaggonsa da ta ji a ƙasa muka zo sai da ta sa aka kawo ruwa a sabuwar ƙwarya, aka dama fura, ta riƙe hannunsa tana tambayar sa gonar wa da wa muka wuce, geron su wane ya fito? Rabi ya amsa, rabi na amsa masa. Bayan azahar ta sa jikanta ya yi mana rakiya har gindin tsamiyar da ake juyawa, inda 'yan rakiyar ƙauyen ke tsayawa tun ina yaro, ya ce mu sauka lafiya.

A dawowa na ce ya shige gaba. Ya yi daidai har muka zo mararrabar da ke bayan burtali, inda ɗaya ke yin gari ɗaya ke yin fadama. Ya tsaya, ya waiwayo ni. Na sa ido kan wani gawo kamar ban taɓa ganin irinsa ba. Da ya ga ba ni da niyyar magana, sai ya juya wajen wani mutum da ke sunkuye can cikin gyaɗa, ya gyara murya, ya yi sallama, ya ce sannu da aiki. Mutumin ya miƙe, ya dafa ƙugu, ya share gumi da bakin riga, ya dube shi tun daga sama har ƙasa.

Ya ce, "Yauwa, sannu samari. Ɗan gidan wa?"